Hausar Na'ura a Ma'aunin Manomi: Sharhi a Kan Rubutun Ƙirƙirarriyar Basira

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2013, lokacin da kamfanin Google ya sanya Hausa cikin harsunan da manhajarsa ta fassara take aiki da su, aka sami wani sabon marubuci a fagen Hausa, wato na'ura. A shekarar 2022 kamfanin Meta ya fito da tsarin NLLB mai fassara tsakanin harsuna 200, ciki har da Hausa, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara ChatGPT ya bayyana, wanda ban da fassara har yakan tsara bayani da kansa. A 2025 gwamnatin Nijeriya ta ƙaddamar da nata tsarin mai suna N-ATLaS, domin Hausa da Yarbanci da Ibo da Ingilishin 'yan ƙasa. Wannan fasaha ita ce ake kira ƙirƙirarriyar basira.

Hausar da waɗannan na'urori suke fitarwa ta yi yawan da ya kamata a yi mata irin sharhin da ake yi wa kowane rubutu. Maƙasudin wannan takarda shi ne ta auna wannan Hausa. Ma'aunin da aka zaɓa kuwa shi ne maganar manomi a Malikanci, cikin ƙasar Ikara, da maƙwabtansa na Maƙarfi da Kudan, inda rake da tumatir suke riƙe da gidaje masu yawa. An zaɓi wannan ma'auni ne saboda labaran duniya jarrabawa ce mai sauƙi ga na'ura. A gona ne ake gane ko ta ji Hausa.

2.0 Inda Na'ura Ta Koyi Hausa

Na'ura ba ta tashi a gidan kowa ba. Abin da ake yi shi ne a tara mata rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, ita kuma ta ƙididdige wace kalma ce ta fi yawan bin wace, sa'annan ta yi amfani da wannan ƙididdiga wajen haɗa jimla. Saboda haka duk abin da aka ɗura mata, shi za ta mayar.

To, wace irin Hausa ce take kan intanet? Kaso mai tsoka daga cikinta labarai ne na gidajen rediyon ƙetare, kamar BBC da Muryar Amurka da DW da RFI, sai littattafan addini da aka fassara, sai maƙalun Wikipedia waɗanda da yawansu daga Ingilishi aka juyo su, sai kuma hirarrakin dandalin sada zumunta. Wato mafi yawan tsararren rubutun da na'ura ta yi karatu da shi fassara ne tun asali. Hausar da ake yi a bakin fadama, ko a kasuwar rake ta Maƙarfi, ta baka ce, kuma kaɗan daga cikinta ne ya taɓa hawa takarda.

3.0 Wuraren Tuntuɓe

3.1 Kalmomi masu kama ɗaya a rubuce

Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Bugu da ƙari, masu rubutu a wayar hannu sukan yar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ. A dubi waɗannan jimloli:

(1) Ya yi kunya talatin kafin azahar.
(2) Fari ya kama raken tun yana gaba biyu.

Duk yaron da ya taɓa riƙe garma ya san kunyar da ke cikin (1) ta huɗa ce. Haka kuma ya san “fari” a (2) rashin ruwa ne, “gaba” kuwa gaɓa ce da aka cire wa ƙugiya. Ita na'ura ƙididdiga take bi, kuma a rubuce-rubucen da ta karanta kunyar ɗabi'a ta ninka kunyar gona nesa ba kusa ba. Idan bayani ya yi tsawo takan dace da ma'anar. Amma saƙon manomi gajere ne, domin ya ɗauka wanda yake yi wa magana ya san gona.

3.2 Kalmomin sana'a

Manomi yana da sassabe da binne da huɗa da maimai, kowanne da lokacinsa. Mai lambu yana da fangali. Tumatirin da aka yanka aka shanya yana da sunansa, wato kauɗa. Ruwan raken da aka matse aka dafa har ya yi kauri, aka zuba a ƙananan mazubai ya daskare, shi ne mazarƙwaila, sana'ar da aka san ƙasar Maƙarfi da Kudan da ita. Idan aka ba na'ura sunan wannan abu da Ingilishi, hanyar da ta fi mata sauƙi ita ce ta bi kalma da kalma, ta kira shi sukari mai launin ƙasa. Ba za a ce ta karya nahawu ba, amma babu wanda zai je kasuwa ya nemi abin da wannan suna. Aibi mafi girma shi ne, idan ta rasa kalma ba takan yi shiru ba, sai ta ƙago wata, ta faɗe ta da irin tabbacin da take faɗin gaskiya.

3.3 Ginin jimla da karin harshe

Jimlar na'ura sau da yawa riga ce ta Hausa a jikin Ingilishi. Akan ga ta jera sharuɗɗa uku ko huɗu kafin ta kai ga aikatau, ko ta ce “a ƙarshen rana” inda Bahaushe zai ce “daga ƙarshe”. Haka nan, da yake wakilin suna na mutum na biyu a Ingilishi bai bambanta namiji da mace ko tilo da jam'i ba, sai ta yi ta canki-canka tsakanin kai da ke da ku, alhali a nan ne ladabin magana yake.

Game da karin harshe kuwa, sanannen abu ne ga manazarta cewa a sassa da dama na ƙasar Zazzau ba a cika rarrabe jinsi a sunaye kamar yadda ake yi a Kano ba, har a ji “gonan” a maimakon “gonar”. Wannan kari ne mai tarihinsa. Na'urar da aka horar da Daidaitacciyar Hausa kaɗai kuskure za ta ɗauke shi, ta yi ta gyarawa.

4.0 Tasiri ga Jama'a

Kada a ɗauka wannan magana ta masu nazarin harshe ce kawai. A shekarar 2016 wata tsutsa, wadda manoma suka laƙaba wa suna “sharon”, ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan al'amarin. A irin wannan yanayi manomi yakan nemi shawara ko'ina, kuma a yau wayar ɗansa tana cikin wuraren da zai nema. Takardar maganin feshi da mililita da hekta take magana, shi kuwa da murfin kwalba da gwangwani yake awo. Malamin gona da ya san ƙauyen ya san yadda zai daidaita biyun. Jimla mai santsi wadda ta kuskure awo tana iya jawo asarar amfanin shekara, ko ta cutar da mai feshin.

Akwai kuma wani haɗari na nesa. Abin da na'ura ta rubuta yana komawa intanet, ɗalibai suna kwafarsa cikin kundayensu, sa'annan na'urori masu zuwa su koyi Hausa daga gare shi. Da haka sai kuskure ya yi ta maimaita kansa har ya zama ƙa'ida.

A nan yana da kyau a waiwayi tarihi. An taɓa daidaita Hausa a baya, ta hannun Hukumar Talifi ta Zariya daga 1933, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo daga 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da taron Bamako na 1966. Wancan aiki ma yana da nasa aibin, domin ya fifita karin Kano a kan saura, kuma har yau sunan Malikanci da “ch” ake rubuta shi a takardun hukuma. Amma masu aikin an san su, ana iya rubuta musu wasiƙa a yi musu gardama. Bargery, a ƙamusunsa na 1934, ya nuna karin sautin kalmomi, ya kuma nuna wadda ta Katsina ce ko ta Sakkwato ko ta Zazzau. Daidaitawar da na'ura take yi a yau ba ta da zauren da za a kai ƙara.

5.0 Kammalawa

Adalci ne a faɗi cewa wannan fasaha tana da amfani. Ta buɗe wa wanda bai ji Ingilishi ba ƙofar karanta abubuwan da a da suka fi ƙarfinsa, kuma Hausarta ta yau ta fi ta 2013 kyau ƙwarai. Haka nan akwai masu ƙoƙarin gyara daga cikin gida, kamar ƙungiyar Masakhane da aka kafa a 2019, da manazartan da suka tattara NaijaSenti a 2022, waɗanda wasunsu daga Jami'ar Bayero suke.

Sai dai hukuncin wannan sharhi shi ne, Hausar na'ura ta ci jarrabawar nahawu, ta faɗi ta gona, kuma dalilin faɗuwar yana ga abin da aka ba ta ta karanta. Maganin yana hannun sassan koyar da Hausa. Kundayen digiri da aka rubuta a kan sana'o'in gargajiya suna jibge a ɗakunan karatu na Zariya da Kano da Sakkwato. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana shirya wa manoma bayanai da Hausa. Ya kamata a fito da waɗannan, a kuma tura ɗalibai Malikanci da Hunkuyi su ɗauko maganar manoma da muryarsu, bisa yardarsu, a rubuta ta da ƙugiya da karin sauti, a nuna garin da aka ji kowace kalma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan masu harshen ba su rubuta kunyar gona ba, na'ura ba za ta san da ita ba, ɗalibin da ya dogara da na'ura shi ma haka.