Football Manager: nishaɗi ko aikin ofis?

Inda nake ganin laifin Football Manager, wasan kwamfuta na kamfanin Sports Interactive, shi ne yadda yake jibge wa sabon shiga komai lokaci guda. Kowane ɗan ƙwallo da jerin makinsa daga 1 zuwa 20, ga atisaye, ga kwantiragi, ga 'yan jarida suna jiran amsa. Mutum ya zo hutawa, ya tarar da aikin ofis, da yawa daga nan suke ajiye shi.

Amma wasan ya yarda ka raba aiki. Ni nakan bar wa mataimakin koci atisaye da 'yan jarida, in riƙe zaɓen waɗanda za su buga. Duk kakar da ta wuce, sai in karɓo aiki ɗaya.