Jinjina ga Masu Ƙirgen Bayanai a Direbobin Linux

Duk wanda ya buga umarnin ip -s link a kwamfutar Linux ya ga yawan bayanan da suka shiga da waɗanda suka fita, guminsu ya ci: masu rubuta direbobin katin sadarwa. Ƙirgen nan ba wasa ba ne. Ma'ajin lamba mai bit 32 ba ya wuce 4,294,967,295, kuma in bayit ake ƙirgawa, layi mai gudun gigabit ɗaya yana cika shi cikin kusan daƙiƙa 34, sai ya koma sifili. Dole aka koma bit 64. To amma a injin mai bit 32, sau biyu ake rubuta irin wannan lamba, don haka mai karatu na iya ɗaukar rabi sabo, rabi tsoho. A 2010 Eric Dumazet ya kawo u64_stats_sync, wanda ke sa mai karatu ya sake karantawa idan rubutu ya katse shi.

Wani zai ce a ajiye ma'aji ɗaya a kulle shi, kowa ya huta. Sai dai kowace ƙwaƙwalwar sarrafawa (CPU) da ke cikin injin za ta riƙa jiran layi a kansa kamar 'yan ɗibar ruwa a rijiya ɗaya, saƙonni na taruwa. Shi ya sa aka ba kowace nata ma'ajin, ba a tara jimilla sai an tambaya. Gaskiya ne jimillar ba ta kama daƙiƙa guda cif, amma ba ta zubar da ko bayit ɗaya, kuma wannan ne injiniya ke buƙata in yana neman inda saƙo ya ɓata.