Shuɗin goshin taga da dabarar da ta haife shi

Duk wanda ya taɓa zama gaban tsohuwar kwamfuta a shagon buga takardu a Kankia ya san shuɗin nan da ke goshin tagar da ake aiki a kanta: ya faro da duhu daga hagu, yana ta washewa har ya kai dama. Wallahi ban taɓa gajiya da kallonsa ba, kuma tun da na gane yadda ake yin sa, sai ƙaunar ta ninku.

A Windows 95 launi ɗaya ne a shafe. Windows 98 ce ta zo da launi mai narkewa. A hagu ja 0, kore 0, shuɗi 128. A dama ja 16, kore 132, shuɗi 208. Tsakaninsu kwamfuta ke lissafa kowane ɗigo, tana matsawa kaɗan-kaɗan, har ido ya kasa gane inda wannan ya ƙare wancan ya fara. Sai ka ce yadin da marinin Ƙofar Mata ya tsoma a baba yana ɗago shi a hankali, ƙasan ya fi saman shan rini. Windows 2000 ta ƙara tausasa shi, ta kai damansa 166, 202, 240, kuma a wurina nan ne kyan ya kai maƙura.

Amma abin da ya fi tafiya da hankalina shi ne kamfanin Microsoft bai ɓoye launukan ba. Mai rubuta manhaja zai kira GetSysColor ya tambayi babbar manhaja, wato Windows: wane launi mai kwamfutar nan ya zaɓa? Ya nemi COLOR_ACTIVECAPTION don hagu, COLOR_GRADIENTACTIVECAPTION don dama, ya miƙa su ga GradientFill, ita kuma ta malala su a duk filin da aka nuna mata. Shi ke nan! Manhajar ɗan koyo ta fito fes, ta saje da sauran tagogi ba a gane baƙuwa ce.

Akwai wani ɗan tarko a nan da nake jin daɗin nuna wa masu koyo. GetSysColor tana ba da kowane launi daga 0 zuwa 255, ita kuwa GradientFill ma'auninta ya fi haka faɗi, don haka dole a ninka kowace lamba sau 256 kafin a ba ta. Wanda ya manta, baƙi ƙirin zai gani a allo. Da ya gyara, sai shuɗin ya bayyana nan take, fuskarsa ta cika da murmushi.

Ga kuma ladabin da ke cikin dabarar. Dattijon da idonsa ya yi rauni, ya mayar da kwamfutarsa kan tsarin baƙi da fari mai tsananin bambanci, babbar manhaja za ta aika wa tagogi saƙon WM_SYSCOLORCHANGE. Manhajar kirki sai ta sake tambaya, ta sake zane da launin da ya dace da idonsa. Wadda aka ƙaƙaba wa launi ɗaya tun wajen rubutu kuwa, haka za ta tsaya tana wahalar da bawan Allah. A ƙasarmu da hasken rana ke dukan allo, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Windows 8 ta shafe narkewar a 2012, aka koma launi guda, kuma na ji zafin hakan ƙwarai. Sai ga Windows 11 a 2021 da Mica, wadda ke ɗebo launin taga daga hoton da mutum ya sa a bangon allonsa. Madalla! Tambayar mai kwamfuta ta dawo da sabon salo.

Ƙannena na Kaikai da Kusada masu koyon C#, don Allah ku gwada. Ku ɗauki SystemColors.ActiveCaption da SystemColors.GradientActiveCaption, ku zuba su cikin LinearGradientBrush, ku cika taga da shi. In kun sami kwamfuta mai Windows 7, ku mayar da ita kan tsarin Classic, ku sauya launi na biyu zuwa kore, ku ga yadda manhajarku za ta bi sahu ba tare da kun taɓa ko layi ɗaya ba.