Wa Ke Riƙe da Sikeli? Mazhabar Amfani da Ikon Mutum a Kan Kansa

A shekarar 1789 Jeremy Bentham, wani masanin shari'a ɗan Landan da ya ƙi aikin lauya, ya fitar da littafi kan tushen ɗabi'a da dokoki. Abin da ya zo da shi gajere ne, kowa zai iya riƙewa. Ɗan Adam daɗi yake bi, wahala yake gudu, don haka kyan aiki ko muninsa daga abin da ya haifar ake gane shi. Aikin da ya fi jawo wa mafi yawan mutane jin daɗi, ya rage musu wahala, shi ne daidai. Har yadda za a auna ya tsara: a duba ƙarfin daɗin, da daɗewarsa, da tabbacin samuwarsa, da abin da zai biyo bayansa, da yawan mutanen da zai shafa. Wannan ita ce mazhabar amfani, kuma har gobe da sikelinta ake tsara kasafin lafiya a ƙasashe da dama, ko da masu tsarawar ba su taɓa jin sunan Bentham ba.

Kafin a soke ta, sai an ba ta haƙƙinta. A Ingilar da Bentham ya rayu a ciki, laifukan da ake rataye mutum a kansu sun kai wajen 200, har da satar kayan sule biyar a kanti. Masu doka suna kafa hujja da cewa haka aka gada. Shi kuwa tambaya ɗaya yake yi: wannan ratayewar wa ta amfana? Kuma a lissafinsa zafin da talaka ya ji daidai yake da wanda basarake ya ji, kowa mutum ɗaya ne. Har dabbobi ya saka a ciki, tunda su ma suna jin azaba. A wancan zamani wannan ba ƙaramar jarumta ba ce.

Sai dai fuska biyun mazhabar sun bayyana tun da wuri, a hannun mutum guda. Edwin Chadwick, wanda ya yi wa Bentham sakatare, shi ya rubuta rahoton 1842 kan ƙazantar unguwannin leburori, rahoton da ya share hanyar dokar lafiyar jama'a ta 1848, aka dukufa kan ruwan sha da magudanai. Rayukan da wannan ya ceta ba su ƙirguwa. Amma shi wannan Chadwick yana cikin waɗanda suka tsara dokar matalauta ta 1834, wadda ta ce mai neman taimako ya shiga gidan aiki, a kuma tsananta zaman gidan da gangan ya fi rayuwar lebura mafi ƙarancin albashi ɗaci, don kada jama'a su yi kwaɗayin zuwa. A can ake raba miji da mata, a raba uwa da 'ya'yanta. Lissafin da ya gina magudanai shi ya gina waɗannan gidaje, kuma babu wanda ya tambayi tsohuwar da aka raba da mijinta ko nawa ta kimanta rabuwar.

John Stuart Mill a cikin mazhabar aka haife shi. Mahaifinsa James, aminin Bentham, ya fara koya masa Girkanci yana ɗan shekara 3, Latin yana ɗan 8, yana so ya ƙera magajin tafiyar. A 1826, yana da shekara 20, baƙin ciki ya rufe shi. Ya ba da labarin cewa ya tambayi kansa ko zai yi farin ciki in duk gyaran da yake fafutuka ya tabbata, zuciyarsa ta ce a'a. Ina ganin wanda bai san wannan ba ba zai fahimci littafinsa On Liberty na 1859 ba, domin mai rubutun mutum ne da aka tsara wa rayuwa saboda amfanin jama'a, ya kuma ɗanɗana abin da ke cikin hakan.

Ƙa'idar littafin ita ce ba a tilasta wa baligi mai hankali sai don hana shi cutar da wani. Amfanin kansa bai isa hujjar tilas ba. Ana iya yi masa nasiha, a roƙe shi, a yi musu da shi, amma jikinsa da tunaninsa nasa ne. Dalilinsa na farko shi ne abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na biyun ya fi zurfi: iya zaɓi da yin zaɓi yake ƙarfafa, wanda kullum ake yanke wa hukunci ba zai taɓa iya yankewa ba, ko da hukuncin da ake yanke masa mai kyau ne.

Misalinsa na gada ya cancanci a tsaya a kansa. Ga mutum ya nufo gadar da aka tabbatar ta lalace, ga ɗan sanda a gefe, babu lokacin yin bayani. Mill ya ce ɗan sandan ya cafke shi ya ja shi baya, bai tauye masa komai ba, domin mutumin tsallakewa yake so, ba faɗawa kogi ba. To amma in akwai lokacin magana, kuma haɗarin ba tabbas ba ne, aikin ɗan sanda ya tsaya a gargaɗi. Ya faɗa masa halin da gadar ke ciki, ya matsa gefe. Mai tafiyar ne kaɗai ya san abin da ke jiransa a ƙetare, ko mara lafiya ne ko bashi, kuma shi kaɗai zai iya auna ko ya kai a yi kasada. Abin da ya raba yanayi biyun abu ɗaya ne, wato ko ana iya tambayar mutumin.

Da Mill ya tsaya nan da magana ta ƙare. Amma ya dage cewa 'yancin nan ba haƙƙi ne mai zaman kansa ba, a kan amfani ya dasa shi: a bar mutane su zaɓa domin hakan ya fi amfanar al'umma a ƙarshe. Nan gizo ke saƙar. Abin da aka ba ka don yana da amfani, ana iya karɓewa ranar da mai lissafi ya ga ba shi da shi. Mill da kansa ya fara karɓewar. A cikin littafin ya ware yara, wanda ba abin mamaki ba ne, sannan ya ware al'ummomin da ya kira marasa wayewa, ya ce mulkin danniya halal ne a kansu muddin gyara su ake nufi. Mai wannan magana ya yi shekara 35 yana aiki a kamfanin Ingila da ke mulkin Indiya, daga 1823 zuwa 1858. Shi ne kuma ya tashi a majalisa a 1867 yana neman a ba mata ƙuri'a, saboda haka ba rashin tausayi ne ya kai shi ba. Kujerar mai awo ce ta kai shi. Mu da aka ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903 mun san wannan harshe, domin littafin Lugard na 1922 da irinsa ya kare mulkin mallaka, cewa ana yi ne don amfanin Turai da namu gaba ɗaya.

Henry Sidgwick na Jami'ar Cambridge, a littafinsa na 1874, ya bi tunanin har ƙarshensa da gaskiya mai ban tsoro. Ya yarda cewa wani aikin yana iya zama daidai in an yi shi a ɓoye, kuskure in an yi a fili, kuma wataƙila ya fi amfani 'yan ƙalilan masu ilimi su riƙe ainihin ƙa'idar, a bar gama-gari da dokoki masu sauƙi. Bernard Williams, wanda ya yi wa mazhabar suka mai zafi a 1973, ya laƙaba wa irin wannan ra'ayi sunan gidan gwamnan mulkin mallaka, inda ake yanke abin da ya dace da mutanen da ba a shawarta ba. Sukarsa ta fi haka faɗi. Ya ce mazhabar tana ɗaukar mutum kamar hanya ce kawai da sakamako ke bi ya wuce, ba ta ga bambanci tsakanin abin da na yi da hannuna da abin da wani ya yi don na ƙi ba, alhali a kan wannan bambanci mutum ke gina mutuncinsa.

Malamanmu na usulu sun daɗe da sanin auna maslaha, amma sun ɗaure ta da igiya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya tattauna batun a littafinsa Almustasfa. Ya yarda cewa in abokan gaba suka yi garkuwa da fursunoni Musulmi, kuma barinsu zai halaka al'umma duka, ana iya harbi, bisa sharaɗin larurar ta zama ta gaske, tabbatacciya, mai game kowa. Amma jirgin ruwa da ya yi nauyi, aka ce a jefa mutum ɗaya don sauran su tsira, ya ce bai halatta ba, ko da ƙuri'a aka yi. Yawan masu tsira kaɗai bai halatta jinin wanda bai yi laifi ba. Tushen Gazali wahayi ne, na Bentham jin daɗi, ba abu ɗaya suke yi ba. Abin da ya burge ni shi ne sharaɗin tabbas, domin mai lissafin amfani kusan kullum da zato yake aiki, yana kuma yi masa kallon yaƙini.

A fagen magani ne aka biya kuɗin wannan zato da jikin mutane. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947, bayan shari'ar likitocin Nazi, da yardar wanda za a yi gwaji a kansa suka fara. Duk da haka hukumar lafiyar Amurka ta ci gaba da binciken Tuskegee, daga 1932 har 1972, tana kallon yadda ciwon tunjere ke cin baƙaƙen fata kusan 400 ba tare da an gaya musu ciwonsu ba, an kuma hana su fenisilin bayan samuwarsa.

Namu ya zo a 1996. Sanƙarau ya ɓarke a Arewa yana kashe dubbai, kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano ya gwada sabon maganinsa Trovan. Yara 200 aka saka, rabi aka ba su Trovan, rabi wani sanannen magani. 11 suka rasu, 5 a ɓangaren farko, 6 a na biyu, wasu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi ɓarnar, cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari sun rayu, kuma iyaye sun yarda da baki ta hanyar ma'aikatan jinya. Iyalan da suka kai ƙara suka ce ba a gaya musu gwaji ne ba, ba a kuma gaya musu cewa likitocin ƙungiyar agaji ta MSF na ba da tabbataccen magani kyauta a harabar asibitin ba. A 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

A lura da yadda ɓangarorin biyu ba magana ɗaya suke yi ba. Ɗaya yana ƙirga waɗanda suka rayu. Ɗayan yana cewa uba ya tsaya a layi da ɗansa a kafaɗa, wuyan yaron ya sanƙare, ga ƙofa biyu a gabansa, kuma ba a faɗa masa abin da ke bayan kowace ba. Ko da alƙaluman sun fi haka kyau, ba su amsa ƙorafinsa ba. Wannan uban shi ne mai tafiyar da ke bakin gada, kuma akwai lokacin yi masa bayani.

Mai kare mazhabar zai ce ai lissafin ne aka yi ba daidai ba, da an saka zubewar amana a ciki da an nemi yarda. Yana da hujja. Lokacin da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, labarin Trovan na cikin abin da mutane ke ambata, kuma cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe da dama, har Yaman da Indonesiya. Amma amsar tasa ta rataya yarda a wuyan fallasa. In an tabbata ba wanda zai sani, sikelin zai sake rinjaya wa ɓoyewa, kamar yadda Sidgwick ya amsa da bakinsa. Tuskegee ya shekara 40 kafin ɗan jarida ya tona shi.

Shan innar kuma ita ce ta hana ni cewa zaɓin mutum ya gama komai. Uban da ya hana a ɗiga wa ɗansa rigakafi ba a kan jikinsa yake yanke hukunci ba, ƙafar yaro ce da ta 'ya'yan maƙwabta, kuma ko Mill bai ɗauki ikon uba a kan ɗa a matsayin 'yancin uban ba. A nan lissafin amfani yana da gaskiya, ina kuma tare da shi. Sai dai abin da ya buɗe ƙofofin gidaje ba ƙarfi ba ne a mafi yawan wurare. Kano ta koma rigakafi a tsakiyar 2004 bayan an gwada maganin an kuma kawo wanda aka yi a Indonesiya. Daga baya Sarkin Musulmi da sarakuna suka shiga gaba, ana ganin manya suna ɗiga wa nasu 'ya'yan a bainar jama'a, waɗanda cutar ta naƙasa suna bi gida gida suna yi wa iyaye bayani, mata masu rigakafi 'yan unguwa suna shiga har tsakar gida. Hanyar ta ci shekaru da kuɗi masu yawa, kuma yara sun naƙasa a tsakani. An ga mai ɗauke da ƙwayar cutar ta daji na ƙarshe a Nijeriya a Borno a 2016, aka ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020.