Jinjina ga Masu Yi wa Maza Kek

A da, kek na amare ne da yara. Yau uwargida kan sa a yi wa maigida na ranar haihuwarsa, kowanne da alamar mai shi: hular zanna ga ɗan ƙwalisa, rigar Kano Pillars ga masoyin ƙwallo, keken ɗinki ga tela.

Matan da ke wannan sana'a sun cancanci yabo. Su kaɗa ƙwai da bota, su murza kwaɓin sukari har zanen hula ya fito zare-zare, ga zafin bazara na narkar da kwalliya, ga wutar lantarki ba tabbas. Sun ba iyali hanyar gode wa magidanci a fili. Sannunku da ƙoƙari, Allah ya ƙara kasuwa.