Takardar washi da manomin da aka manta

A shekarar 2014 UNESCO ta saka washi, takardar hannu ta ƙasar Japon, cikin gadon al'adun duniya, ta ambaci ta Hamada da ta Mino da ta yankin Ogawa. Yabon ya dace, amma ya tsaya ga hannun mai tsoma faifan gora cikin kwami, ya wuce gona.

Ɓawon itacen kozo, bayan an turara shi an kankare an dafa an daka, dunƙulewa yake cikin ruwa sai an zuba masa yauƙin saiwar tororo-aoi, wani tsiro dangin kuɓewa. Yauƙin nan ne ke baje zaren daidai, har a sami takarda shara-shara mai ƙwari wadda ake ɗinke tsofaffin littattafai da ita a gidajen tarihi na Turai. Noman saiwar kuwa wahala ce tsagwaronta, ribarsa kaɗan, masu yinsa tsofaffi. A 2019 ƴan manoman Ibaraki, inda akasarinta ke fitowa, suka ce sun gaji za su bari. Sai a lokacin jaridu suka tuna da su.