Tabon jiki da tabon zuciya: sharhi kan fim ɗin "Zinder" na Aïcha Macky

Fim ɗin "Zinder" ya fito a shekarar 2021, an fara nuna shi a bikin finafinai na Visions du Réel a ƙasar Suwis. Ba irin finafinan Kano ba ne da muka saba kallo a waya. Fim ne na gaskiya: mutanen da ke ciki rayuwarsu suke yi gaban kamara, kuma Hausar da suke yi ita ce wadda ake ji a tasha da bakin kasuwar Dole. Wadda ta shirya shi, Aïcha Macky, ɗiyar Damagaram ce, an haife ta a 1982, ta karanci ilimin zamantakewa a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai kafin ta koma harkar fim. An yi ta yabon fim ɗin a waje saboda ya nuna talauci da ta'asar ƴan pale. Ni abin da nake so mu duba, ƴan uwa ɗalibai, wani ne daban: me fim ɗin ya ce game da warkewa? Wanda aka cuta da wanda ya yi cutar, ta yaya kowannensu ke tashi bayan abin ya wuce?

Fim ɗin ya zauna ne a Kara-Kara, unguwar da tun asali aka ware ma kutare da waɗanda gari ya ƙi. Kuturta dai tana da magani, tun shekarun 1980 ake warkar da ita da ƙwayoyi. Amma ƙyamar ba ta warke ba, ta bi ƴaƴa ta bi jikoki waɗanda ko yatsa ɗaya ba su rasa ba. Yaro ya tashi ya tarar sunan unguwarsu kaɗai ya isa a rufe mashi ƙofa. Cikin irin wannan ƙasa ce pale ta tsiro. Abin dariya da ban tausayi, "pale" da Faransanci ma'anarta fada ce, kalmar nan da muke kiran majalisarmu ta shan shayi da ita. Kalma guda ce, sai dai a wata ana dafa shayi, a wata ana wasa wuƙa. Mutanen gari da yawa ba su waiwayi waɗannan samari ba sai a watan Janairun 2015, da aka ƙone coci-coci da cibiyar al'adu ta Faransa a Damagaram, aka shiga nuna su da yatsa.

Mutum uku fim ɗin ya bi. Akwai shugaban wata ƙungiyar ƴan ɗaga ƙarfe da suka raɗa ma kansu sunan Hitila, har da tutarshi a kan babur, alhali abin da suka sani game da shi bai wuce cewa wani jarumi ne da ba a iya kayarwa ba. Burin wannan shugaba shi ne ya maida yaranshi kamfanin gadi. Akwai mai fasa-ƙwaurin esansi daga iyakar Najeriya, kullum cikin wasan ɓuya da duwan. Sai na ukun, tsohon shugaban pale da ya tuba ya koma kabu-kabu, wanda abin da ya aikata a baya ya hana mashi sakat.

Inda fim ɗin ya fi ƙarfi shi ne wurin tabo. Kamara takan matso kusa da fata, ta tsaya kan sara da yanka da ɗinki, ba gaggawa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Waɗannan ƙattin da gari ke gudu, in ka ga bayansu da wuyansu sai ka gane su ma an sha dukansu kafin su koyi duka. Daga nan ɗaga ƙarfen nasu ya canza ma'ana. Wanda ya taɓa kwana cikin tsoro, ƙwanji ya zame mashi katanga. Sunan Hitila ma haka: yaron da aka raina ya nemo sunan da ya fi kowane ban tsoro ya yafa. Macky ba ta tsaya yi mana lacca kan wannan ba, ta bar ido ya gani. Nan kam ta yi aiki.

Mai kabu-kabun nan shi ne zuciyar fim ɗin. Yana zaune gaban kamara yana faɗin abin da suka yi da bakinshi, har da abin da suka yi ma mata, kuma kana gani ka san maganar tana cin shi. Likitocin ƙwaƙwalwa sun san wannan yanayi. Wanda ya shiga tashin hankali mai tsanani, ko shi aka yi ma ko shi ya aikata, abin yakan riƙa dawo mashi cikin barci da ido biyu. Barci ya ƙaurace, ƙaramin motsi ya firgita shi, ya riƙa kauce ma wurin da abin ya faru, fushi ya zo ba dalili, ko kuma zuciya ta bushe ya daina jin komi. Mu a nan kalmominmu kan wannan ba su da yawa. Ko a ce hauka, ko a ce iska ta taɓa shi, ko a ce sammu ne. Tsakanin ɗalibai kuwa, "sai Pabiyon E" ya zama abin tsokana, alhali sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa ne na babban asibitin Yamai, inda ƴan uwanmu ke kwance suna neman lafiya. To wa zai buɗe baki ya ce ba ya barci, in ya san amsar da ke jiranshi ke nan? Sai ya nemi tramol, ya yi shiru. Alfanun wannan fim shi ne ya nuna ƙaton namiji, wanda aka ji tsoro, yana cewa abin na damunshi. Ga samarinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wata likitar ƙwaƙwalwa ƴar Amurka, Judith Herman, da ta fitar da littafi a 1992 kan yadda ake farfaɗowa daga irin wannan rauni. Ta kasa hanyar mataki uku: farko mutum ya samu tsaro, na jiki da na abin da zai ci, sannan ya iya ba da labarin abin da ya same shi ya yi makokin abin da ya rasa, daga ƙarshe ya koma cikin mutane. In muka auna fim ɗin da wannan ma'auni, za mu ga ya gane matakin farko ƙwarai. Babu wanda ke warkewa da yunwa. Mai fasa-ƙwauri na sayar da rai a hanya kan ƴan jarkoki, a jihar da ke da matatar mai ta SORAZ tun 2011. Shugaban ƴan ƙarfe na neman aikin da zai hana yaranshi komawa gidan kaso. Fim ɗin na cewa wa'azi kaɗai ba ya raba saurayi da adda in babu abin da za a sa mashi a hannu a madadinta, kuma gaskiya ya faɗa.

Amma fa ga inda nake da ja. Cikin mutum ukun da aka bi, babu ko ɗaya daga matan da aka cuta. Muna ganinsu, mata masu zaman kansu suna faɗin duka da wulaƙancin da suke sha, kuma maganarsu na sa jiki ya yi sanyi. Sai dai sun shigo ne a matsayin shaidu. Sun faɗi abin da aka yi masu, kamara ta koma bin babur. Shi mai kabu-kabu mun ga jiyanshi, mun ga yau ɗinshi, mun ga har ya zama mai tsaya ma matan nan. Tafiya ce cikakkiya, daga ɓarna zuwa gyara. Su kuwa fa? Ta yaya suke barci? Wa suke faɗa ma? Akwai wadda ta fita, kuma da me ta fita? Ƴan matan da aka ja zuwa pale shekarun baya, yanzu suna ina, a gidan wa, da wane irin shiru? Fim ɗin bai bi wannan hanya ba. Sakamakon haka, mai kallo na tashi da tausayin wanda ya yi cutar fiye da sanin wadda aka cuta.

Wannan ba ƙaramin giɓi ba ne, don ya yi daidai da halinmu na gida. Mun iya karɓar tubabbe. In ɗan pale ya aje wuƙa ya kama salla, unguwa duka sai ta ce alhamdulillahi, har a ba shi mata. Yarinyar da ya lalata ma rayuwa kuwa, ita ce za ta ɓoye, ita za a cire daga lakkwal, ita za a ce me ya fitar da ita da dare. Ko a addinance ma, malamai sun ce tuba na da sharuɗɗa: a daina, a yi nadama, a ƙudura ba za a koma ba, in kuma laifin ya shafi haƙƙin wani, to sai an maida haƙƙin ko an nemi yafiyar mai shi. Sharaɗin nan na huɗu shi ne muke tsallakewa. Taimakon wasu mata abu ne mai kyau, amma ba ya goge bashin waɗancan na farko. Na so a ce fim ɗin ya matsa ma tubabben nan da wannan tambaya har sai ta yi zafi.

Za a iya kare Macky, kuma kariyar tana da nauyi. Namijin da ya ce "na yi" gaban kamara, gobe zai hau babur ɗinshi ya ɗauki fasinja. Macen da ta ce "an yi mani" da fuskarta a fili, a gari kamar Damagaram inda kowa ya san gidan kowa, wataƙila ta rasa aure, ta rasa dangi, ƴaƴanta su gaji gorin. Mai fim da ke da imani dole ta yi tunanin wannan. Na yarda. Amma akwai dabaru: a ɓoye fuska, a canza murya, a ɗauki hannu da inuwa. Kuma mun san Macky ta iya shiga ciwon mata, don fim ɗinta na 2016, "L'Arbre sans fruit", kan rashin haihuwa ne, inda ta sa kanta a ciki, ta ba matan da ake gori lokaci su yi magana har ƙarshe. Wadda ta yi wancan ba za a ce wannan ya fi ƙarfinta ba. Zaɓi ta yi, ta bi ƴan pale, kuma zaɓin ya bar rabin labarin a waje.

Akwai kuma haɗarin da ke wuyanmu mu masu kallo. Bature zai kalli fim ɗin ya ce kai, Afirka. Mu ma muna iya yin irin wannan kallo daga ɗakunanmu na jami'a, mu ce kai, Kara-Kara, kamar wata ƙasa ce. Alhali abin da ke cikin fim ɗin yana cikin lise, yana cikin gidajen masu hali, yana cikin makarantun allo, sai dai can an iya rufe shi. Kowane aji akwai wanda aka yi ma dukan da ya wuce horo, akwai wadda wani babba na gida ko wani malami ya taɓa, kuma tana zaune kusa da kai tana kwafar darasi. Bambancinta da ƴan Kara-Kara shi ne nata tabon ba ya fitowa a hoto.

Saboda haka abin da ya kamata mu ɗauka daga fim ɗin shi ne yadda Macky ta saurara. Ta zauna, ta yi tambaya, ta bar shiru ya yi tsawo ba ta cike shi da nasiha ba. Mu kuwa da aboki ya fara magana sai mu tare shi da "yi haƙuri, ka bar ma Allah". Haƙuri gaskiya ne, amma in ya zo da wuri, rufe baki ne. In wani ya kawo maka irin wannan magana, ka yarda da shi tukuna, kada ka tambaye shi me ya sa bai gudu ba, kada ka kai labarin fada. In fyaɗe ne kuma bai daɗe ba, a hanzarta zuwa asibiti, don maganin da ke hana kamuwa da sida sai cikin awa 72 yake aiki. In mutum ya daina barci, ya daina ci, ko ya fara maganar gara ya mutu, kada a bar shi shi kaɗai, a raka shi wurin likita. Addu'a da rubutu ba su hana ganin likita, kamar yadda ba su hana ɗaurin karaya.

"Zinder" fim ne da ya cancanci kowace ƙungiyar ɗalibai ta nemo shi ta kalla tare, a Maraɗi, a Tawa, a Yamai, balle a Damagaram. Ya maida ƴan pale mutane a idonmu ba tare da ya wanke su ba, ya kuma nuna cewa namiji ma na kwana da ciwon zuciya. Rauninshi shi ne ya tsaya a ƙofar ɗakin matan bai shiga ba. In za ku kalla, ku kalla maza da mata, kuma bayan an kashe, a bar ƴan mata su fara magana. Cikinmu akwai masu biro, akwai masu waya mai kamara. Labarin yadda yarinyar da aka cuta ke komawa aji, ta ci jarabawa, ta sake iya dariya, yana nan yana jiran mai rubuta shi, da izinin mai shi, kuma ba tare da an tona ta ba.